Wuta mai tsafta: wa zai biya kuɗin canjin, mu ko masu hayaƙin?

Tela_Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, kuma don Allah masu ilimin abin su amsa mini da Hausar da zan gane. Jiya da dare ina guga a shago, rediyo a kunne, wani babba yana ta bayani cewa Ghana za ta koma makamashi mai tsafta, hasken rana da iska da motoci masu caji, wai ƙasashen waje za su tallafa mana. Har ma'aikatar makamashi an ƙara mata suna a 2025 saboda wannan batu. To ni kekunan ɗinki huɗu gare ni masu wuta, da na surfani guda, da dutsen guga. Kiredit ɗin mitar wuta da a da yake kai ni ƙarshen wata, yanzu ko sati uku ba ya yi. Na kira wani yaro mai haɗa sola ya zo ya auna, kuɗin da ya faɗa zai sayi sabuwar pragya, babur ɗin haya mai ƙafa uku. Na je banki, da suka faɗi kuɗin ruwa sai na ɗauki hulata na fito. Shin wannan tallafin da ake ta faɗa, a ina yake tsayawa? Kuma in an ce a bar fetur da gas, wa zai biya, mu ko waɗanda suka cika sama da hayaƙi?

Dan_Nima: Wa alaikumus salam. Yana tsayawa ne a otal ɗin da ake taron, Malam. 😂

Bilki_KNUST: Baba Tela, bari in faɗi ɗan abin da na karanta. A Satumban 2023 gwamnati ta ƙaddamar da tsarin sauya makamashi a New York, lokacin taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Burin shi ne zuwa 2060 hayaƙin da ƙasar ke fitarwa ya daidaita da wanda take iya shanyewa, kuma an ƙiyasta aikin zai ci kimanin dala biliyan 550. Wannan kuɗin ba ajiye yake a wani wuri ba, lissafin abin da ake nema ne. Su kuwa ƙasashe masu arziki, a taron sauyin yanayi na Kofanhagen a 2009 suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. Ko a lissafinsu na kansu sai 2022 suka cika, kuma mafi yawansa rance ne. A irin taron a Baku a 2024 aka ɗaga zuwa biliyan 300 a shekara nan da 2035, bayan ƙasashenmu sun nemi sama da tiriliyan 1. Afirka gaba ɗayanta hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba.

Tela_Aboabo: Allah ya yi miki albarka 'yata. Wato taimakon ma bashi ne?

Bilki_KNUST: Amin Baba. Yawancinsa, i. Akwai na kyauta, amma shi ne ƙarami.

Injiniya_Tafo: Ni wannan ce sana'ata, don haka ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita. Malam Tela, yaron da ya ba ka farashi wataƙila bai cuce ka ba. Faranti dai ya yi arha, cikin shekara goma farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. Inda matsalar take: sola kamar a ce maka ka biya kuɗin wutar shekara ashirin yau da safe ne, gaba ɗaya. Janareta kuwa araha ne ranar saye, sai ya riƙa cin ka kullum a gidan mai. To wanda ba shi da dunƙulallen kuɗi dole ya ci bashi, shi ya sa kuɗin ruwa shi ne ainihin farashin sola. A 2023 babban bankinmu kansa ya kai kuɗin ruwansa kashi 30, balle bankin da ke kan titi. Bajamushe ranarsa ba ta kai tamu ba, amma yana samun rance mai sauƙi na shekaru masu yawa. Faranti ɗaya, masana'anta ɗaya a China, shi ya saya da sauƙi, mu mu saya da tsada. In da ni ake tambaya a waɗannan tarurrukan, abu ɗaya zan roƙa: su tsaya mana jingina, a ba bankunanmu kuɗi mai arha na dogon lokaci, kuma a sidi. Rancen dala shi ke karya mutum, don kai da sidi kake ɗinki.

Abu_Hamburg: Injiniya ya faɗi gaskiya. Nan Jamus har a manyan kantuna ana sayar da ƙaramin faranti, ka rataya a baranda ka jona a soket, shike nan. Amma kada ku ɗauka kyauta suka samu. Tun 2000 suka yi dokar saye wutar sola da tsada daga hannun duk wanda ya samar, kuma talakawansu ne suka riƙa biyan ƙari a takardar wuta har zuwa Yulin 2022 da aka soke ƙarin. Wannan kasuwar da suka buɗe na cikin abin da ya sa masana'antun China suka girma har farashi ya sauko wa kowa. Sai dai abin da ya ba ni haushi shi ne 2022. A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 ƙasashe da dama sun sa hannu za su daina zuba kuɗin gwamnati a ayyukan mai da gas a ƙasashen waje. Da gas ɗin Rasha ya yanke, sai ga tashoshin kwal an sake kunnawa a nan, sai ga shugaban gwamnatin Jamus a Dakar a watan Mayu yana maganar gas ɗin Senegal. Da sanyi ya taɓa su, kowa ya manta da wa'azin.

Dan_Nima: Gas ɗinmu haram ne in za mu kunna fanka, halal ne in zai hau jirgi.

Malam_Tsohon_Ticha: Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Kuna magana kamar yau Ghana za ta fara ganin wuta mai tsafta da haɗin gwiwar ƙasashen waje. Madatsar Akosombo mene ne? Ina ɗan makaranta Nkrumah ya buɗe ta a Janairun 1966. Ba hayaƙi, ba gas, ruwan Volta ne kawai. Bankin Duniya da Amurka da Ingila suka ba da rance. To ku tambayi yadda aka raba amfanin. Kimanin mutum 80,000 aka tasa daga gidajensu da gonakinsu. Tsohon garin Kete Krachi, zangon da fataken goro suka yi shekara da shekaru suna sauka, yana ƙarƙashin tafki yanzu. Kaso mai tsoka na wutar ya tafi kamfanin alminiyom na Valco a Tema a farashi mai rahusa ƙwarai, a yarjejeniya ta shekaru masu yawa, alhali arewa ta yi sama da shekara ashirin tana jira kafin layin ya isa Tamale. Har yau akwai ƙauyuka a tsibiran tafkin nan da suke ganin ruwan da ke ba Akra da Kumasi haske, su kuma sai ƙananan tashoshin sola da aka kai wa wasunsu daga baya. Ba ina cewa Akosombo kuskure ba ce, da babu ita da ba mu kai nan ba. Ina cewa ne tsaftar wuta daban, adalcin rabonta daban. Wanda ya kawo kuɗi shi ke rubuta takarda, sai in kai ma ka zauna da naka alƙalamin.

Bilki_KNUST: Malam, wannan tarihin ba a koya mana shi haka ba wallahi. Na gode.

Hajiya_MaiWakye: Ni duk wannan biliyan-biliyan ɗin ya fi ƙarfina. Ku zo Asawase da asuba ku ga makamashin da nake aiki da shi. Itace ne da gawayi. Shekara ashirin da wani abu ina gaban tukunya, idona har ya fara ba ni matsala, likita ya ce hayaƙi ne. A wurina abu mai tsafta shi ne gas. Na taɓa komawa gas, da kuɗin cika tukunyar ya yi sama na mayar da ita lungu na ɗauko kurfoti, murhun gawayi. Yanzu Abu yana cewa Turawa ba sa son gas. To da me zan dafa wake? Da faranti?

Na biyu kuma, maganar mita. An ce wai akwai rangwame ga talaka mai shan wuta kaɗan. Gidanmu ɗaki goma sha ɗaya, mita guda. Ba mu taɓa ganin rangwamen nan ba, kullum faɗa ne a tsakar gida a kan wa ya kunna hita.

Akanta_Adum: Hajiya kin taɓo inda yake ciwo. Rangwamen na wanda bai wuce yunit 30 a wata ba ne, a da 50 ne aka rage a 2022. Mita kuwa ba ta san ɗaki nawa ke bayanta ba. Gidan haya mai ɗaki goma sha ɗaya, ko kowa kwan fitila da fanka kawai yake kunnawa, a idon mita babban mai shan wuta ne guda ɗaya. Mai gida shi kaɗai a unguwar masu hali da ya yi tafiya wata guda zai iya cin rangwamen, ke ba za ki ci ba. Wannan gyaran ba ya buƙatar taron Baku, mita ce kawai za a ba kowane ɗaki.

Mai_Gawayi_Alabar: Salamu alaikum. Ina karantawa ina shiru, amma an zo kan abincina. Buhunan da nake sayarwa daga wajen Kintampo da ƙasar Sisala suke zuwa. Mai sara, mai ƙonawa, mai lodi, direba, mu 'yan kasuwa, duk a nan muke ci. In Hajiya da ire-irenta suka koma gas gaba ɗaya, Allah ya ba su lafiya, amma mu fa? Ba na jin ana maganarmu a rediyon da Tela ya saurara.

Hajiya_MaiWakye: Kai dai kwantar da hankalinka, da irin farashin nan ba inda zan je. 😅 Kuma tun gobarar gidan gas ta Atomic Junction a 2017, rabin matan gidanmu tsoron tukunyar suke.

Bilki_KNUST: Hajiya, akwai wata hanya da ake bi yanzu wadda ta shafe ki kai tsaye. A Nuwamban 2020 Ghana ta sa hannu da Suwizalan a kan cinikin rage hayaƙi. Su za su biya kuɗin aikin da zai rage hayaƙi a nan, misali sabon salon ban-ruwan shinkafa ko murhu mai cin gawayi kaɗan, sai a rubuta ragin a littafinsu. Shi ya sa ake samun irin murhun nan da rahusa a wasu wurare.

Dan_Nima: Tsaya in gane. Hajiya ta rage hayaƙi a Asawase, Bature ya ci gaba da tuƙa motarsa a Zurik, a rubuta masa lada? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Bilki_KNUST: Yaya Dan Nima ba haka kawai ba ne. Hajiya ta samu murhu mai arha, ta rage sayen gawayi, idonta ya huta. Ba asara ta yi ba.

Akanta_Adum: Ba ta yi asara ba, amma tambayar ita ce nawa aka sayar da ragin, nawa ya iso hannunta, nawa ya tsaya wurin dillalai da masu tantancewa. Kuma ki lura, ragi mai sauƙi da arha shi muke sayarwa yanzu. Ranar da aka ce Ghana ta cika nata alkawarin, mai wuya da tsada ne zai rage mana.

Masta_Magazin: Ku bar maganar murhu ku zo Suame. Dubban mutane ne a Magazin, unguwar kanikawa, kuma yawancinmu inji muka sani: fistan, kabureta, giya, famfon mai. Ina da yara tara a hannuna suna koyo. Mota mai caji kusan ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Turai ta yi doka a 2023 cewa daga 2035 za a daina sayar da sabbin motocin fetur, ko da yake suna ta ja-in-ja a kan sassautawa. Abu biyu nake hange. Da farko tsofaffin motocinsu za su kwararo mana kamar ruwan Agusta, mu ji daɗi. Bayan nan kayan gyara su fara ƙarewa, a wayi gari yaran da na koya wa aiki ba su da abin taɓawa. In da gaske ake haɗin gwiwa, a kawo mana masu koyar da gyaran batir da na'urar motocin nan a cikin Magazin, ba a otal a Akra a raba wa masu kwat takardar shaida ba. Kanikawan Suame ka nuna musu abu sau ɗaya, an gama.

Pragya_Boy: Masta ai mu aka fara caja. 2024 suka sa harajin hayaƙi, sidi 75 a shekara kan babur da mai ƙafa uku. Ni da ko Togo ban taɓa zuwa ba wai ni ke ɗumama duniya.

Sani_Asawase: Kuma wa ya soke shi? Gwamnatin yanzu, a 2025. A riƙa faɗin gaskiya.

Baba_Yaro77: Ta soke, sannan a Yulin 2025 ta ɗora sidi 1 kan kowace lita ta mai. Lissafa lita nawa Pragya Boy ke sha a shekara ka gaya mini wanne ya fi. An gudu daga gara an faɗa zago.

Sani_Asawase: Bashin da naku suka bari ake biya da shi! Ko ka manta harajin kashi 15 da suka so ɗora wa wuta a farkon 2024 sai da ƙungiyar ƙwadago ta tashi?

Baba_Yaro77: Dumsor, ɗauke-ɗauken wutar nan, a zamanin wa aka yi?

Admin_Zaure: Sani, Baba Yaro, ya isa. Dokar zaure ba ta canza ba: ba giwa, ba lema, wato ba maganar jam'iyya. Wanda ya sake zan cire shi kwana uku. Ku koma kan tambayar Malam Tela.

Akanta_Adum: Admin, bari in ɗauki maganar tasu ba tare da jam'iyya ba, don a nan amsar kiredit ɗin Tela take. A Agustan 2012 ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa bututun gas da ke zuwa daga Najeriya, a gaɓar Togo. Ruwan Akosombo ma ya ja baya a shekarun da suka biyo. Aka shiga dumsor har wajen 2016. Cikin gaggawa aka sa hannu da kamfanoni masu zaman kansu a kan yarjejeniyar da ta ce ko ka sha wutar ko ba ka sha ba sai ka biya, kuma a dala. Aka wayi gari muna da injina fiye da buƙata, muna biyan wutar da ba mu kunna ba. Ga asarar layi, ga masu jona ta bayan mita, ga ma'aikatun gwamnati da ba sa biya. Bashi ya taru. A Disamban 2022 ƙasa ta dakatar da biyan yawancin bashin waje, a Mayun 2023 IMF ta amince da dala biliyan 3, kuma daidaita kuɗin wuta a kai a kai na cikin abin da aka ɗauka. A Fabrairun 2023 kaɗai an ƙara kusan kashi 30. Don haka Malam Tela, ba sola ce ta cinye maka kiredit ba, sola ba ta kai ko kashi 3 cikin 100 na wutarmu ba. Kusan kashi biyu cikin uku daga injinan gas da mai take fitowa, har da waɗanda aka dasa mana a Anwomaso a 2024. Tsohon bashi kake biya. Abin da nake tsoro shi ne a sake irin wannan takardar, a canza mata suna kawai a ce ta sola ce.

Injiniya_Tafo: Shi ya sa nake cewa kowa ya sa nasa a kan rufi ya huta.

Akanta_Adum: A nan ne zan saɓa maka, Injiniya. Wa ke iya sawa yau? Mai otal, mai masana'anta, mai gida a Nhyiaeso. Su ne kuma manyan masu biyan kuɗin wuta. In suka janye, bashin dalar nan da gyaran layi ba za su ragu ba, sai a raba su kan waɗanda suka rage, wato gidan Hajiya mai ɗaki goma sha ɗaya. Ana ganin haka a Pakistan: farantan China sun shigo da yawan gaske a 2024, masu hali suka rage shan ta gwamnati, nauyin ya koma kan marasa hali.

Injiniya_Tafo: Na ji, amma maganin ba hana mai hali ba ne, a buɗe wa mara hali ƙofa. Mun dawo kan rance mai arha ke nan. Kuma ba duk haɗin gwiwa ne ya lalace ba. Tashoshin sola na Lawra da Kaleo da kuɗin bankin raya ƙasa na Jamus aka gina su, suna aiki. A Bui an haɗa sola da madatsar ruwa, da rana faranti, da dare ruwa, har da masu yawo a kan tafkin. Wannan dabara ce mai kyau, madatsar ta zama batir.

Abu_Hamburg: Ku duba Afirka ta Kudu kafin ku yi murna da manyan alkawura. A Glasgow aka yi musu alkawarin dala biliyan 8.5 don su bar kwal. Da aka buɗe ƙunshin, kyautar ciki 'yar kaɗan ce, sauran rance da jingina. Aka rufe tashar Komati a 2022, mutanen garin suka yi ta kukan rashin aiki. A Maris 2025 kuma Amurka ta janye daga shirin. Zaɓe ɗaya a wata ƙasa ya isa ya rushe lissafin shekara ashirin na wata.

Alhaji_Dan_Yamai: Ni ɗan kasuwa ne, ina tsakanin Kumasi da Yamai. Kullum kuna kallon Turai, ba ku kallon maƙwabta. Layin Bolga zuwa Wagadugu da aka buɗe a 2018 yana kai wutar Ghana Burkina, muna kuma sayar wa Togo da Benin. Sahel rana gare su kamar me, mu ruwa da gas gare mu. Da za a riƙe amana, su ba mu da rana mu ba su da dare. Amma na ga ɗaya fuskar da idona: Agustan 2023, bayan juyin mulki, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, Yamai ta shiga duhu. Tun ranar duk wanda na sani mai ɗan hali ya sayi faranti. Wanda aka taɓa kashe wa fitila saboda siyasa, da wuya ya sake yarda da layin maƙwabci.

Bilki_KNUST: Wani abu kuma da ba mu taɓo ba. Batir ɗin da ake magana, kayansa a ƙasarmu suke. Ga manganis a Nsuta, ga litiyom a Ewoyaa kusa da Mankessim da aka ba da lasisin haƙarsa a Oktoban 2023 aka yi ta muhawara a kan kason ƙasa, ga bokzayit a Awaso da Nyinahin nan kusa da mu. In za mu tura dutse ɗanye mu sayo batir da dala, to labarin koko da cakulan ne aka sake.

Malam_Tsohon_Ticha: 'Yata, abin da Nkrumah ya so da Akosombo ke nan, a haƙo bokzayit a nan, a tace a nan, a narka a Tema. Matatar ba ta samu ba. Valco ta riƙa shigo da hodar daga waje, namu dutsen yana fita ɗanye. Shekara sittin ke nan fa.

Dan_Nima: Bari in yi maganar hankali sau ɗaya. Na yi shekaru ina sayen ƙarfe a kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Agbogbloshie a Akra kafin a rushe wurin a Yulin 2021. Na ga yaran arewa suna fasa batir da adda suna zubar da ruwansa a ƙasa don su ciro darma. Yanzu kowa na sa sola, batir kuwa shekara kaɗan yake yi ya mutu, musamman na gwanjo da ake shigo mana da su. Ina za su? Wanda ya sayar mana ya kamata a ɗaure shi da sharaɗin ya karɓi mataccen. In ba haka ba tsaftar tana rufin mai kuɗi, dattin yana huhun ɗan wani.

Hajiya_MaiWakye: Yau Dan Nima ya yi magana. A rubuta ranar.

Tela_Aboabo: Jama'a na gode, na ƙaru ƙwarai. Na gane bashin da ban ci ba nake biya, na gane tallafin ma yawanci bashi ne. Amma har yanzu ni dai ga shago ga mita. Sallah na tafe, in wuta ta ɗauke a daren jajibiri ba Baku zan kira ba. Me zan yi?

Ustaz_Sawaba: Malam, da ma ina jiran a zo nan. Da yawa daga cikin mutanenmu ba tsadar ruwan kaɗai ke hana su zuwa banki ba, ruwan kansa ne, don riba ce. Duk tsarin da aka zana a waje in ta rancen ruwa kaɗai zai iso Zango, to rabin Zango ba za su taɓa shi ba. Akwai hanyar da shari'a ta yarda: mai kuɗi ya sayi kayan, ya sayar maka da ribar da kuka yanke tun farko, ka biya kashi-kashi. Ko ku teloli ku yi adashi, duk wanda ya kwasa a haɗa masa.

Injiniya_Tafo: Ustaz ya kawo shawara. In ku goma kuka haɗu kuka saya a tare, farashi zai sauko. Sannan Malam, batir ne ke cinye kuɗin. Kai da rana kake yawancin aikinka, a fara da faranti da infata (na'urar da ke mai da wutar faranti ta zama irin ta soket) da ƙaramin batir na fitila da keke ɗaya. Kafin ma wannan, duba injinan kekunanka. In tsofaffin nan ne masu kuka ko ba ka taka ba, canza su zuwa sabbin da ba sa juyawa sai ka taka, za ka ga bambanci a mita tun watan farko. Dutsen guga kuwa kada ka ɗora shi kan sola, shi kaɗai ya fi kekunan ci.

Mai_Gawayi_Alabar: Dutsen guga na gawayi yana nan, Malam. Ina kawowa har shago. 😁

Masta_Magazin: Kun gani, an zaga an dawo wurin mai gawayi.

Akanta_Adum: Adashin zai yi wa mutum goma. Teloli nawa ne a Aboabo kaɗai? Ni har yanzu ina nan kan bakana, in ba a gyara tsohon bashin da tsarin mita ba, wanda bai shiga adashin ba shi zai ɗauki kayan.

Tela_Aboabo: Zan kai maganar taron ƙungiyarmu ranar Lahadi in sha Allah. Sai dai akwai wata matsala da na manta ban faɗa ba. Shagon haya ne. Na taɓa yi wa mai gidan zancen, ya ce ba wanda zai huda masa kwano, kuma in na sa, ranar da zan tashi in bar masa. Injiniya, akwai yadda ake kafa shi ba a taɓa rufi ba?

Injiniya_Tafo: Akwai, in gaban shagon yana samun rana. A yi masa ƙafafu na ƙarfe kamar rumfa, ranar tashi ka kwance abinka. Masta, yaranka za su iya waldar?

Masta_Magazin: Turo awon kawai. Amma a bari sai an dawo da wuta, tun azahar muke zaune.